Butar lantarki mai lambobin zafi: kafin ka saya, tambayi ruwanka da wutarka

Ana saura mako uku bikin ƙanwata, Gwaggo ta aiko a kira ni in raka ta babbar kasuwar Birnin Kebbi a ƙarasa sayen kayan kicin. An riga an gama da tukwane da kuloli da tangaran, kayan wuta kaɗai suka rage. A shagon da muka tsaya, mai shagon ya sauko mana da butar lantarki kala biyu. Ɗaya irin wadda kowa ya sani ce, madanni ɗaya, ka danna, ta tafasa, ta kashe kanta. Ɗayar kuwa tana zaune a kan mazauni mai 'yan fitilu, an jera lambobi a gefensa: 40, 70, 80, 90, 100. Kuɗinta ya kusa ninka na ta farkon sau uku.

Gwaggo ta ɗaga ta, ta buɗe murfin, ta leƙa ciki, ta ce, "To ɗan nan, ruwan zafi ai ruwan zafi ne. Waɗannan lambobin kuma na mene ne?"

Mai shago ya ce, "Hajiya, ita ake yayi yanzu. Duk amaren bana ita ake kai musu." Iyakar bayaninsa ke nan.

Ni na san aikin lambobin, domin na shekara huɗu ina amfani da irin wannan butar, wadda ke hannuna yanzu ita ce ta biyu. Amma ina tsaye a shagon nan na lura cewa amsar da aka rubuta a jikin kwali ba ita ce amsar gidajenmu ba. Wanda ya ƙera butar ya yi lissafinsa ne da ruwan famfon da ake tara kofi a sha kai tsaye, da wutar da ba ta ko ƙiftawa, da shayin da ake jiƙawa, ba wanda ake dafawa ba. A cikin ukun nan wanne ne namu?

Bari in fara ba butar haƙƙinta, don lambobin ba ado ba ne.

Ganyen shayi duk shuka ɗaya ce. Wanda ake nomawa a Kakara, can kan tsaunin Mambilla a jihar Taraba, da wanda ake lodowa daga Sin ko Kenya, uwarsu ɗaya. Wajen sarrafawa suke rabuwa. Idan aka tsinko ganyen aka murza shi aka bar iska ta ratsa shi har ya rine, shi ne baƙin ganye, irin wanda ke cikin 'yar jakar Lipton. Idan kuwa aka yi maza aka turara shi ko aka ɗan soya shi a kasko tun iska ba ta yi aikinta ba, sai ya tsaya kore. A cikin ganyen akwai sinadarai iri-iri, kuma ba lokaci ɗaya suke fita cikin ruwa ba. Wanda ke ba da garɗi da ɗan zaƙi-zaƙi yana fita ko ruwa bai yi zafi can ba. Masu ɗaci da bauri, waɗanda ke ɗaure harshe kamar ka ciji ɗanyar kanya, ruwa na ƙara zafi suna ƙara kwararowa. Shi ya sa koren shayi yake son ruwa tsakanin digiri 70 da 80. Ka kwara masa tafasasshe ka bar shi minti uku, sai ka ɗauka saƙe-saƙin maɗaci aka ba ka. Na san mata da dama da suka sayi koren shayi don rage ƙiba, a kwana na uku suka tura kwalin bayan kabad suna cewa ba ya shawuwa. Galibi ba laifin ganyen ba ne, ruwan ne ya fi ƙarfinsa. Baƙin ganye kuwa ba ya tsoron zafi, daga digiri 95 zuwa tafasa yake so, in ruwan ya yi sanyi ma sai ya fito salam ba launi. Gahawa ta ainihi, wato ƙwayar da aka soya aka niƙa, tana tsakani, 90 zuwa 96. In ruwan ya gaza haka sosai sai ta fito da tsami-tsami, ba jiki.

Duk wannan gaskiya ne, na kuma tabbatar da harshena. To amma mu me muke sha?

Je ka teburin mai shayi da asubar hunturu, bayan an fito masallaci, lokacin da hazo ya rufe titi kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi. Tukunyar ruwan bunu tana kan wuta tun kafin kiran salla, da citta da kanumfari suna ta juyi a ciki. Ya ɗebo, ya zuba madara, ya zuba Milo ko Bournvita, ya zuba suga, ya sheƙa daga wannan kofi zuwa wancan har kumfa ta taso. Wannan haɗin kaurin, a gida ko a tebur, shi ne shayin yawancinmu. Kuma da zarar cokali uku na madarar gari sun shiga kofi, babu harshen da zai iya gaya maka ko ruwan digiri 90 ne ko 100. Shayin kayan ƙamshi kuwa ma lamarinsa ya wuce nan. Busasshiyar citta, kanumfari, kirfa, masoro, kimba, ba ganye mai laushi ba ne, saiwa ce da ɓawo da ƙwaya. Ba jiƙo suke so ba, dahuwa suke so, minti goma ko fiye a kan wuta suna ɓararraka a hankali. Butar lantarki kuwa, mai lamba da marar lamba, tana tafasa take yanke wuta. Wanda ya watsa kayan ƙamshi a cikinta bai sami dahuwar ba, ya dai bar mata wari da datti a gindi. Madara kuwa kada ma a fara, ƙonewa take a kan farantin ƙarfen ta kama.

Akwai kuma shayin da ya fi ba ni mamaki a wannan lissafi, wato shayin Buzaye, wanda mu da muke maƙwabtaka da Nijar muka tashi muka tarar. Daga Kamba zuwa Argungu zuwa majalisun dare na Birnin Kebbi, za ka ga ɗan murhun waya da gawayi, da 'yar buta shuɗiya, da ƙananan kofunan gilashi. Ganyen da ake zubawa cikin 'yar butar nan koren shayi ne daga ƙasar Sin, irin dai wanda kwalin butar lantarki ke cewa kada a kuskura ya wuce digiri 80. Mu kuwa muna ɗora shi a kan garwashi ya tafasa ya sake tafasawa har ya yi duhu, da gangan, domin ɗacin nan shi ake nema a zagayen farko. Sai suga da na'ana'a su rarrashe shi, sai na biyu ya sauko, na uku ya zama na yara da masu raunin ciki. Ba wanda zai ce majalisar nan ba ta iya shayi ba. Abin da wannan ya nuna mini shi ne, lambobin da ke jikin butar ba doka ba ce ta ganye, ɗanɗanon wasu mutane ne aka mayar da shi lamba. In ɗanɗanonka ya zo ɗaya da nasu, butar za ta yi maka aiki. In bai zo ba, ka sayi madannai biyar ka riƙa danna ɗaya.

Gahawa ma haka. Abin da yawancinmu ke kira kofi shi ne Nescafé da danginsa, kuma wannan an riga an dafa shi a masana'anta an busar da ruwan ya zama gari. Narkewa kawai yake yi, ruwa mai zafi ya ishe shi. Gahawar Larabawa da alhazai ke dawowa da ita kuwa a kan wuta ake dafa ta. Wanda lambar 90 ko 95 za ta yi wa rana shi ne mai niƙa ƙwayarsa yana tsiyaya ruwa a kan gari ta cikin mataci. Akwai su a garin nan, malaman jami'a da likitoci da waɗanda suka yi karatu a waje, amma ba su da yawa. Su ne kuma kaɗai ke da buƙatar butar nan mai siririn dogon wuya kamar na zalɓe, wadda aka yi don ruwa ya zubo a hankali. Ga mai iyali azaba ce: da kyar take cin lita ɗaya, kuma cika filas da ita sai ka gaji da tsayuwa.

Yanzu ga inda nake son mai karatu ya tsaya da kyau, domin nan ne maganar ta bar ɗanɗano ta koma lafiya.

A ƙasashen da aka ƙirƙiro wannan butar, dafa ruwa don shayi kawai ake yi. A wurinmu tafasa tana da aiki biyu. Ruwan da ke shiga butocinmu daga ina yake? Daga rijiya, daga burtsatse, daga jarkokin 'yan garuwa, daga tankin da aka shekara ba a wanke ba, wani lokaci daga randar da yara ke tsoma moɗa da hannu. Shekara da shekaru shayi yana cikin abubuwan sha mafi aminci a gidajenmu, ba don ganyen ba, sai don ba a yin sa sai ruwa ya tafasa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya game da ruwan da ba a amince da shi ba ita ce a dafa shi har ya tafasa sosai yana ɓulɓula. Butar da ka saita a 70 ko 80 ba ta kai shi nan, tana isa lambar take tsayawa. Gaskiya ne ƙwayoyin cuta da yawa suna mutuwa tun kafin digiri 100 idan zafin ya daɗe a kansu. Amma tafasa ita ce shaidar da ido ke gani, ita ce ba ta buƙatar ka amince da wani ɗan ma'auni da ba ka san ingancinsa ba. A yankin da amai da gudawa ke leƙowa da damina, ban ga dalilin da zai sa a saki wannan shaidar don gyaran ɗanɗano ba.

Madannin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na 40. A wasu butocin har hoton bulunbotin jariri ake zanawa kusa da shi. Uwa ta tashi tsakar dare, yaro na kuka, ta zuba ruwan jarka, ta danna 40, ruwa ya yi ɗumi daidai baki, ta kaɗa madara ta ba shi. Digiri 40 ba ya kashe komai, ɗumi ne ma da ƙwayoyin cuta ke jin daɗinsa. Ita kanta madarar gwangwani ta jarirai ba a tsarkake take ɗari bisa ɗari ba. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tafasa ruwan, a bar shi ya ɗan huce amma kada ya sauka ƙasa da digiri 70, a haɗa madarar da shi, sannan a sanyaya kwalbar kafin a ba yaro. Nonon uwa zalla a wata shidan farko shi ne asali, amma inda larura ta sa aka koma ga gwangwani, wannan madannin na 40 tarko ne in ba a fahimce shi ba.

Saboda haka in za a sayi mai lambobi a nan, tambayar farko ga mai shago ita ce: tana iya tafasa ruwan tukuna, sannan ta bar shi ya sauko zuwa lambar da aka zaɓa ta riƙe shi a nan? Akwai masu yin haka, akwai waɗanda daga ƙasa kawai suke hawa su tsaya. Ta farkon ita ce tamu. In ba a samu ba, to ruwan da za a zuba mata ya zama wanda aka riga aka tafasa aka ajiye a rufe. A tuna kuma tafasa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta cire dalma, ba ta cire zartsi.

Zartsin ma yana da nasa ɓarnar. Ruwan rijiya da na burtsatse a unguwanni da dama yana barin farin ɓawo a gindin buta. A buta marar lamba abin da zai yi bai wuce ya rage mata sauri ba. A mai lamba kuwa akwai wani ɗan ƙarfe kamar kan ƙusa da ke tsaye a gindinta daga ciki, shi ne ke jin zafin ruwa yana kai rahoto. In ɓawo ya lulluɓe shi sai ya riƙa jin zafin a makare, kana ganin 80 a fitila alhali ruwan ya wuce nan. Maganinsa yana cikin kicin: a matse lemun tsami uku ko huɗu a rabin buta na ruwa, a tafasa, a bar shi ya yi rabin awa, a zubar a ɗauraye sau biyu. Ruwan kal ma yana yi. Kada a kankare da wuƙa ko soson ƙarfe.

Sai maganar wuta, wadda ita ta ci mini butar farko.

Butar lantarki ƙarama ce a ido, amma a gidan talaka da mai matsakaicin hali da wuya a sami abin da ya fi ta jan wuta a lokaci guda. Yawancinsu wat 2,000 zuwa 2,200 ne, waɗanda aka yi don kasuwar Ingila har 3,000. Wat 2,200 kamar ka kunna fankar sama talatin ne a tare. A kan bolt 230 da ake rabawa a Najeriya, wannan ya kusa amfiya 10, wato ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya, mai 3,000 kuwa amfiya 13 cif, iyakar abin da filogi mai ƙafa uku ke ɗauka ke nan. Shi ya sa 'yar wayar jona mai arha da ake sa cajin waya take narkewa in an haɗa ta da buta. Soket ɗin bango take so, ita kaɗai. Gajartar wayarta ma ba rowa ba ce, an yi haka ne don kada ta yi lilo yaro ya jawo tafasasshen ruwa a kansa.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne, duk da wannan ƙarfin ja, ba ta cin yunit da yawa, domin ba ta daɗewa a kunne. Tafasa lita ɗaya daga ɗumin ɗaki yana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na yunit, a cikin minti uku ko ƙasa. Ko a kan farashin rukunin A, wato masu biyan kuɗin wuta mafi tsada, da aka ɗaga zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, wannan bai wuce naira 22 ko 23 ba. Masu talla kan ce mai lambobi tana rage cin wuta tunda ba sai ta kai 100 ba. Haka ne, tsayawa a 80 yana rage kusan rubu'i, wato wajen naira shida a lita. Sai ka yi shekaru kana tara wannan kafin ya biya bambancin kuɗin butocin biyu. Wanda ke son ragi na gaske ya daina cika buta maƙil don kofi ɗaya.

Ga mai janareta da mai sola kuwa, ba yawan yunit ne matsalarsu ba, ƙarfin jan ne. Ƙaramin janaretan nan na ɗaukar fitila da talabijin bai kai wat 1,000 ba, kana jona buta zai yi gurnani ya mutu. Inbata mai ƙarfin 1,000 ko 1,500 ma ƙara za ta yi ta kashe kanta. Ko ta ɗauka, batirin bolt 12 da aka nemi ya ba da wat 2,000 sai ya fitar da amfiya sama da 160 a take, wannan kuwa gajarta masa kwana ne. Mai irin wannan gida in lallai sai butar lantarki, ya nemi mai wat 1,000 ko ƙasa, ya haƙura da jinkirinta, ya kuma dafa da rana tsaka lokacin da faifan sola ke kan aiki.

Rabin wuta kuma fa? Idan bolt ya sauko daga 230 zuwa 180, ƙarfin buta ba ya raguwa kaɗan, faɗuwa yake yi, mai 2,200 ta koma wajen 1,350. Marar lamba ba ruwanta, za ta dai ɗauki lokaci. Dalili kuwa babu wani abin lantarki mai laushi a cikinta. Dabarar kashe kanta tsohuwa ce, tun 1955 kamfanin Russell Hobbs na Ingila ya fitar da buta mai ita: ƙarfe biyu daban-daban aka manne, tururi na dukan su ɗaya ya fi ɗaya miƙewa, sai abin ya lanƙwashe ya ture madanni, ka ji ƙas. Shi ya sa in murfin bai rufu ba ba ta kashe kanta, tururin bai bi hanyarsa ba. Mai lambobi kuwa tana da fanel, kamar na talabijin, kuma fanel ba ya son wutar da ke hawa da sauka.

Tawa ta farko wata takwas ta yi. Wani dare da damina aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi har ƙwan falo ya fashe. Butar tana jone a bango, ba a kunne take ba, amma fanel ɗinta kullum a farke yake matuƙar filogi na ciki. Da safe na danna, shiru. Na kai wa mai gyara, ya kwance mazaunin, ya nuna mini wani baƙin tabo kamar an ɗiga kwalta. Ya ce, "Yallaɓai, ƙarfen zafinta lafiya lau, fanel ne ya tafi, kuma ba a kawo irinsa. In kana so in haɗa maka ita kai tsaye, za ta riƙa tafasa." Na tambaye shi ko za ta kashe kanta in ta tafasa. Ya ce a'a, sai dai a tsaya a kanta. Na bar masa ita. Butar da ba ta kashe kanta a gidan da ke da yara da mantuwa gobara ce ke jiran rana. Tun daga nan ta biyun ba ta kwana a jone, ina gamawa nake zare filogi. Wanda ba zai iya wannan ba ya sa mata 'yar na'urar kariya irin ta firji ko ta na'urar sanyaya ɗaki, ya duba an rubuta tana ɗaukar amfiya 13. Ƙaramin sitabilaizan talabijin ba zai ɗauke ta ba.

Masu sayen na hannu, kayan Kwatano da na gwanjo, su juya gindin butar su karanta. In an rubuta bolt 120 ko 110, don Amurka aka yi ta, wutarmu za ta ƙona ta a jonawar farko. Wata alamar ita ce lambobin kansu. In ka ga 175, 200, 212 maimakon 80, 93, 100, ma'aunin Amurkawa ne, sai ka ƙara dubawa da kyau.

Ana yawan yabon mai lambobi da cewa tana riƙe zafi. Tana riƙewa, na minti ashirin zuwa awa ɗaya a yawancinsu, kuma da sharaɗin akwai wuta. Mu kuwa mun daɗe da abin da ya fi wannan. Filas mai kyau, a ɗauraye shi da ruwan zafi a cika shi da dare, da sahur ruwan na nan da zafinsa, ko an kawo wuta ko ba a kawo ba. A ganina filas shi ne abokin takarar butar nan na gaskiya, ba buta marar lamba ba. Shi kuma mai koren shayi da ba shi da lamba yana da hanya: kofi uku na tafasasshen ruwa a kan kofi ɗaya na wanda aka tafasa ya huce, ya ba ka wajen digiri 80. Ko ka buɗe murfin ka ba shi 'yan mintoci.

Akwai wani abu da lambobin suka koya mini wanda ban taɓa kula da shi ba, wato zafin da muke kurɓa. A 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shan abu mai zafin da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon daji na maƙoshi, wato hanyar abinci. Ba shayin ba, zafin. Mu kuwa da hunturu har alfahari ake da shan shayi yana tururi. Sheƙawar nan da mai shayi ke yi tsakanin kofi biyu ashe ba kumfa kaɗai take tayarwa ba, rangwame take yi wa maƙogwaronmu.

Ban ce lambar 40 ba ta da rana ko kaɗan ba. Da sanyin Disamba da Janairu, ruwan alwalar tsoho ko na wanke wa jariri jiki, 40 daidai ne, ba sai an tsaya surki ba. Ruwan wanka kuwa tafasawa ya fi: cikin buta ɗaya, lita 1.7, a kan bokitin lita goma na ruwan da ya kwana a sanyi, zai kai shi wajen digiri 30. Ya kuma fi hitar nan da ake tsomawa a bokiti aminci nesa ba kusa ba.

Sauran abin dubawa na jiki ne, kuma hannu da ido sun isa. Cikinta ya zama ƙarfe marar tsatsa, in an buga 304 a jiki, wato lambar nau'in ƙarfen, ya fi, domin akwai mai arha da ke fara ɗigon tsatsa bayan 'yan watanni. Roba ta yi kaɗan a inda ruwa ke taɓawa, a shinshina, in tana wari tun a shago a cikin shayi ma za ta yi. Bakinta ya yi faɗin da hannu zai shiga wanki. Mai bango biyu ba ta ƙona hannu daga waje, gidan yara wannan ya fi kowace fitila daraja. Ta gilashi kyakkyawa ce kuma tana nuna datti da wuri, amma faɗuwa ɗaya take yi. A sa mai shago ya zuba ruwa ya jona a gabanka, ka ga ta kashe kanta da idonka. Ga mai son shayin kayan ƙamshi kuma, akwai wata irin buta ta gilashi da ke zuwa daga Sin, mai ɗan kwandon ƙarfe a ciki, wadda bayan ta tafasa take rage wuta ta ci gaba da dahuwa a hankali. Ita ta fi kusa da girkinmu, wat ɗinta ma bai kai na sauran ba, sai dai ita ma mai fanel ce, duk abin da na faɗa kan wuta ya hau kanta.

A shagon nan ban yi wa Gwaggo duk wannan dogon bayani ba. Tambaya uku na yi mata. Me amarya ke sha da safe? Ta ce shayi mai kauri, sai na citta in mura ta kama ta. Wane ruwa ne a gidan da za ta zauna? Ta ce 'yan garuwa ke kawowa. Wuta fa? Ta ce yadda take a ko'ina, ango dai ya sa 'yar sola ta fitila da fanka.

Na ce, "To Gwaggo, a ɗauki marar lambar, mai bango biyu. Canjin a ƙara filas babba."

Ta dubi mai fitilun nan ta ɗan yi jim, na san tana tunanin 'yan ganin ɗaki ne. Sannan ta ce, "Ba girin-girin ba dai, ta yi mai." Mai shago ya zuba ruwan leda biyu a ciki ya jona, muka tsaya muna jira har muka ji ƙas, sannan ya zubar ya goge ta ya mayar cikin kwali.